Sawakin, Garin da Alƙalami Ya Ci

Wani gari yaƙi ke cinye shi, wani kuma fari ko annoba. Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan a gaɓar Bahar Maliya, ta ga yaƙi iri-iri ta tsallake. Abin da ya durƙusar da ita shawara ce da wasu ma'aikatan mulkin mallaka suka yanke a ofis, cewa a gina sabuwar tasha kimanin kilomita 60 arewa da ita. A wannan sabuwar tasha, wato Fot Sudan, na yi karatun digirina, kuma daga can ne wata Asabar na shiga motar haya, na je na wuni a tsohon garin.

Tafiyar sa'a guda ce, teku a hagu, duwatsun ƙasar Beja a dama. Sawakin kashi biyu ce: unguwar da ke kan tudu, wadda ake kira Gef, inda mutane ke zaune har yau, da kuma ɗan ƙaramin tsibiri mai siffar faifai, wanda siririyar hanya ta haɗa shi da tudun. A tsibirin ne attajirai da mahukunta suka yi gidajensu na bene, hawa biyu har uku, da dutsen murjani da ake sarowa daga cikin teku. Yau idan ka tsallaka, tsibin farin dutse kawai za ka riƙa ratsawa, nan rabin bango, can bakin ƙofa babu ɗaki a bayanta. Kyanwoyi ne masu gari. Mutanen wurin suna cewa aljanu ne, har suna danganta tsibirin da kurkukun da Annabi Sulaiman, alaihis salam, ya tsare aljanu a ciki. Ban yi musu ba, domin wanda ya ga yadda suke kallon baƙo ba zai yi gaggawar musu ba.

Garin ya daɗe. Ibn Batuta ya biyo ta nan a ƙarni na 14, ya tarar da tsibiri marar ruwan sha, sai an kawo a kwalekwale. Duk da haka ya bunƙasa, musamman bayan rushewar tashar Aizab da ke arewa a ƙarni na 15, lokacin da fatake da alhazai suka karkato nan. Turkawan Santambul sun mallake shi a ƙarni na 16, kuma a shekarar 1541 rundunar jiragen Fotugal ta yada zango a bakinsa, har ɗaya daga cikin jagororinta, Joao de Castro, ya kwatanta shi da Lizbon. A 1865 ya koma hannun Masar. Da aka buɗe Mashigin Suwez a 1869, sai ciniki ya ƙara haɓaka: ƙaro da hauren giwa da gashin jimina suna fita, tufafi da kayan ƙamshi suna shigowa. Bayi ma suna cikin abin da ke fita, kuma masu yabon kyawun gidajen sukan yi saurin wuce wannan magana.

Sai zamanin Mahadi ya zo. Usman Digna, wanda shi kansa ɗan garin ne, ya tara mayaƙan Beja, ya takura wa Sawakin tun daga 1883, aka gwabza da Ingilishi a Teb da Tamai a 1884. Kicina, wanda ya yi gwamna a nan daga 1886, ya ƙarfafa ganuwa, kuma ƙofar da ake kira da sunansa tana nan. Shekara da shekaru Usman Digna yana kai hari, bai taɓa cin garin ba. Amma mashigar Sawakin ƙunci gare ta, ga duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, manyan jirage masu injin ba sa iya shiga cikin sauƙi. A 1905 aka soma ginin Fot Sudan, a 1909 aka buɗe ta. Kwastan ya tashi, banki ya bi, 'yan kasuwa suka bi banki. Shi kuwa dutsen murjani ba ya jure sakaci: sai ana shafe shi da farar ƙasa a kai a kai, in ba haka ba gishiri da raɓa su ci shi. Da masu gida suka kulle suka tafi, ba a bukaci igwa ba.

Wannan shi ne tarihin da ke rubuce a jikin bango. Akwai wani wanda ba shi da bango, kuma shi ne ya fi damuna.

Tun kafin jirgin sama, maniyyacin da ya taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram da ƙafa yake ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, ya haye Nilu, sannan ya iso wannan gaɓa ya jira jirgin Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, domin guzuri ƙarewa yake yi, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago a tara na gaba. Su ne ake kira Takari. Baturen nan Burckhardt, wanda ya zo Sawakin a 1814, ya ba da labarin irin waɗannan matafiya na yamma da talaucin da suke tafe da shi. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Daga baya gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka soma a 1925, suka zama wurin neman kuɗin jirgi ga dubban mutanenmu. Ko bayan da ciniki ya bar Sawakin, alhazai ba su bar ta ba: a nan ake killace su a duba lafiyarsu kafin su haye.

Waɗannan mutane ba su gina ko ɗaki ɗaya a kan tsibirin ba. A tudu suka sauka, cikin bukkokin tabarma da tsumma, suna jan ruwa, suna dako. Wasu sun haye sun dawo, wasu sun rasu suna hangen ruwan, wasu kuma an yaudare su a hanya an sayar da su. Ba a rubuta sunayensu a kan kowace ƙofa ba. Duk da haka, a ganina, su ne suka fi attajiran tsibirin barin gado, domin nasu gadon yana tafiya da ƙafafunsa.

Bayan Azahar na zauna shan jabana, gahawar Beja mai citta, a wata rumfa a Gef. Ina amsa waya da Hausa, sai wani dattijo da ke gefe ya juyo.

"Ɗana, daga wace ƙasa?"

"Daga Nijeriya, Baba. Karatu nake yi a nan kusa."

"Madalla. Mu ma asalinmu can ne, wajen Haɗeja. Kakana ne ya taso da niyyar Hajji."

Hausarsa tsohuwa ce, ta sha Larabci, amma babu kalmar da ta ɓace mini. Bai taɓa ganin Haɗeja ba, sai dai ya san sunan unguwar kakansa, ya kuma tambaye ni ko har yanzu ana kamun kifi a kogin.

A ƙarshen 2017 shugaban Turkiyya, Erdogan, ya ziyarci Sawakin, aka sanar da cewa ƙasarsa za ta gyara tsibirin. Dama hukumarsu ta raya ƙasashe ta riga ta soma aiki a kan masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya, kuma na same su fes, farare tas a tsakiyar kufai. Aiki ne mai kyau, na kuma yi salla a ɗaya daga cikinsu da farin ciki. Amma mai gyara abin da ya gani yake gyarawa, kuma abin da ake gani na masu mulki ne da masu dukiya. Labarin Takari yana bakin dattawa irin wanda na zauna da shi, kuma babu mai shafa musu farar ƙasa.

Har yanzu jirgin fasinja yana tashi daga Sawakin zuwa Jidda, daga wata sabuwar tasha da aka sa wa sunan Usman Digna. Da la'asar na ga ana loda tumaki a wani jirgin, ga layin masu Umara da jakunkunansu. Na tambayi dattijon ko shi ya sauke farali. Ya kurɓi gahawarsa, ya ce kakansa ya je, mahaifinsa ma ya je, shi kuwa yana tara kuɗin.