Amsoshin Takardunku: Yaushe Turawan Ingila Suka Fara Biyan Diyyar Rai?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani direban babbar mota a Gusau. Ya ce gardama ce ta kaure a tasharsu. Wasu na cewa wai Bature ne ya koya wa duniya biyan iyalin wanda aka yi sanadin mutuwarsa, wasu na cewa sam. Yana so mu raba gardama.

To Malam, mun gode da takarda. Gaskiyar magana, Turawan Ingila sun makara ƙwarai a wannan fanni, don sai a 1846 suka yi dokar. Abin da ake yi kafin nan kuwa zai ba ka mamaki.

A 1808 aka yi shari'ar wani keken doki na haya da ya kife da fasinjoji a kan hanyar Landan. A ciki akwai wani mutum da matarsa. Shi ya ƙuje, ita ko ta ji mummunan rauni, ta yi jinyar kamar wata guda, ta cika. Mijin ya kai masu keken ƙara. Alƙalin, Lord Ellenborough, ya ce a biya shi raunin jikinsa, da wahalar da ya sha, da rashin hidimar matar a kwanakin jinya, amma mutuwar kanta ba abin da za a nemi kuɗi a kai ba ne. Fam 100 aka ba shi. Wato ranar da ta mutu, ranar lissafi ya tsaya.

Kai da ke riƙe da sitiyari ka fi kowa gane inda wannan ya dosa. In ka karya wa mutum ƙafa, zai kai ka kotu ka biya. In ka kashe shi, ƙarar ta bi shi kabari, marayu kuma su san inda dare ya yi musu. Har aka riƙa cewa a Ingila kisa ya fi rauni araha.

Abin da ya rage wa iyalin mamaci wata tsohuwar al'ada ce mai suna deodand, kalma ce daga Latin, ma'anarta abin da za a ba Allah. Duk abin da ya yi sanadin rai, doki ne ko ƙafar keke, sai masu binciken gawa su yi masa kuɗi. Kuɗin na Sarki ne, amma wani lokaci akan miƙa wa matar mamacin. Ana nan sai ga jirgin ƙasa. Ranar 24 ga Disamba 1841 wani jirgin kamfanin Great Western ya afka cikin ƙasar da ta zaftare a Sonning, kusa da garin Reading. Mutum 8 suka mutu nan take, talakawa ne da ke zaune a buɗaɗɗun taragai dab da inji. Masu bincike suka ɗora fam 1,000 a kan injin, kotun sama ta soke. Kamfanoni suna jin tsoron wannan al'ada, talakawa kuma ba ta fisshe su ba. Don haka a 1846 majalisar dokoki ta kashe ta, ta kafa dokar da ake laƙaba wa sunan Lord Campbell, wanda ya gabatar da ita. Ta ba mata, da miji, da iyaye, da 'ya'ya damar a nema musu diyya cikin wata 12. 'Yan'uwa shaƙiƙai kuwa sai a 1959 aka shigar da su. Jihar New York ta Amurka ta kwaikwaya tun 1847.

Amma fa a kula da ma'aunin, don nan ne gizo ke saƙa. A 1852 kotu ta yanke cewa ba baƙin ciki ake biya ba, asarar kuɗi ake biya, watau abin da mamacin zai riƙa kawowa gida da ya rayu. Saboda haka iyalin attajiri su kwashi mai tsoka, na lebura su sami ɗan kaɗan. Yaro ƙarami fa, wanda bai taɓa kawo ko sisi ba? A 1966 tsibin sharar kwal ya gangaro kan wata makarantar firamare a ƙauyen Aberfan da ke Wales, mutum 144 suka hallaka, 116 daga ciki yara ne. Hukumar kwal ta ƙasar ta biya fam 500 kan kowane yaro. A ganina wannan kuɗi ya fi kama da cin fuska. Sai a 1982 aka yanka wani ƙayyadadden kuɗi na raɗaɗin rashi, fam 3,500, wanda a 2020 aka mai da shi fam 15,120.

To kwatanta da abin da almajiran zaure ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu tun 996. Diyyar ɗa namiji Musulmi raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Ba a tambayar sana'arsa, kuma jariri da dattijo duk ɗaya. In kisan kuskure ne, dangin wanda ya yi kisan ta wajen uba su ke haɗa kuɗin cikin shekara 3. Ka ga ke nan masu cewa sam a tasharku su ke da gaskiya, da ratar shekaru sama da 800.

Ita dokar 1846 ta biyo Turawan mulki zuwa Nijeriya, kasancewar an karɓi manyan dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu 1900. Jihar Arewa ta yi tata a 1956. Shi ya sa in hatsari ya kai mutane babbar kotu, za ka ji lauya yana ta tambayar mai takaba nawa maigidan ke ba ta na cefane, kuma shekarunsa nawa ranar da abin ya faru.