Kanar Morland: Abin da Kano Ba Ta Koya Masa Ba

A tarihin cin ƙasar Hausa, sunan Lugga ya danne na hafsoshin da suka yi masa aikin. Ɗaya daga cikinsu shi ne Thomas Morland, wanda aka haifa a Kanada a 1865, ya shiga sojan Ingila yana saurayi, sannan ya zo rundunar sojan Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19. Maƙalar nan tana jayayya ne da yadda ake ɗaukar nasarorinsa a Arewa a matsayin shaidar gwaninta. A ganina, ratar makamai ce ta ɗaga shi, kuma ranar da ratar ta ɓace, sai iyakarsa ta fito fili.

Shi ya jagoranci yaƙin Yola a 1901, inda aka kori Lamiɗo Zubairu, shi kuma kibiya ta same shi. A farkon 1903 ya taso daga Zariya da sojoji ƙasa da dubu, galibinsu Hausawa da Yarabawa, ƙarƙashin 'yan tsirarun Turawa. Ya fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu ya tsaya gaban ganuwar Kano. Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin. Badalar ta gagari igwa, don harsashi nutsewa yake a cikin ƙasar ba tare da ya rushe ta ba, sai da aka zagaya aka fasa Ƙofar Kabuga. Ranar 15 ga Maris aka kara a Giginya, a bakin Sakkwato, da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru. Tsarin shi ne: sojoji su tsaya kusurwa huɗu, bindiga mai ruwa a gefuna, a jira mahaya su kawo sukuwa. Da wuya mai mashi ya kai inda zai yi suka.

Ba a hana Morland haƙƙinsa. Tafiyar da runduna da ɗaruruwan 'yan alaro a tsakiyar rani, da lissafin rijiyoyi da hatsi, aiki ne na mai tsari. Amma wannan ƙwarewar madugu ce. Bai taɓa fuskantar abokin gaba da ke iya mayar masa da wuta daidai da tasa ba, kuma a kan wannan tarihi ne aka ɗora shi a kan dukkan rundunar Afirka ta Yamma daga 1905, daga nan ya yi ta hawa.

Ranar 1 ga Yuli 1916, a yankin Kogin Som a Faransa, Morland yana janar mai riƙe da Runduna ta Goma, aka ba shi aikin ƙwace tudun Thiepval daga Jamusawa. A wannan karon ɗaya ɓangaren ma yana da bindiga mai ruwa. Sojojin Ulster na rundunarsa sun yi abin da ba a zata ba, suka kutsa cikin sansanin Schwaben na Jamusawa tun da safe, yayin da maƙwabtansu suka maƙale a bakin waya mai ƙaya. Morland yana kallo daga wani dandamali a kan bishiya, can baya. Maimakon ya tura sojojin ajiya su ƙarfafa inda aka samu ɓaraka, sai ya ci gaba da tura mutane inda harin ya riga ya mutu. Kafin ɗauki ya isa, an koro 'yan Ulster, bayan sun yi asarar kusan dubu biyar. A ranar kaɗai Ingila ta rasa rayuka fiye da 19,000.

Za a iya cewa laifin na shugabanninsa Haig da Rawlinson ne, waɗanda suka tsara harin, kuma wayoyin sadarwa sun katse. Gaskiya ne. Sai dai su ma a Sudan da Afirka ta Kudu suka yi suna, wato makaranta ɗaya ce ta yaye su. Hukumar da ta ba su girma ta auna su da yawan garuruwan da suka ci, ba ta tambayi da wane makami mutanen garuruwan suka tare su ba. Thiepval ma ba ta tsayar da Morland ba: ya riƙe rundunar Ingila da ta mamaye yankin Rhine bayan yaƙi, sannan rundunar Aldershot a Ingila, kafin rasuwarsa a 1925.