Tsara Makarantar Shugabanci Ce: Nazari Kan Zonkwa da Kewayenta

Da zarar an tayar da zancen horar da shugabanni, hankali yakan tafi ga jami'a, ko barikin soja, ko taron bita a otal. Matsayin wannan maƙala shi ne, a ƙasar Bajju da maƙwabtanta tsara ce makarantar farko, kuma har yau ba a sami abin da ya maye gurbinta ba.

Uba yana da umarni, malami yana da bulala, sarki yana da dogarai, amma sa'a ba shi da ko ɗaya a kan sa'ansa. Saurayin da aka ɗora wa jagorancin gayya a gonar citta ko ta dawa dole ya shawo kan mutanen da suka san shi tun yana yawo ba wando. Shi zai tsara gonar wa za a fara shiga, ya raba kunyoyi ba son kai, ya ci tarar wanda ya makara ko da amininsa ne. Idan ya yi rashin adalci, a nan take za a faɗa masa a gaban idonsa, domin babu kunyar da ke tsakanin yaro da babba. A nan ake koyon lallashi, da riƙon amanar kuɗin jama'a, da jure suka. A ganina na ƙarshen nan ya fi wuyar samu, domin mutumin da bai saba jin gaskiya daga bakin sa'ansa ba, idan ya hau kujera 'yan amshin shata kawai zai tara.

Tsarin ya daɗe a yankin. Kafin zuwan mishan, Bajju da Atyap suna shigar da yara maza asirin dodo, inda ake koya musu riƙe sirri da bin doka. A ƙauyukan Hausawan Zazzau kuwa, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a can wajen 1950, ya bayyana yadda samari suke naɗa wa junansu sarautu. Da mishan ta SIM da Katolika suka kafu, sai aikin ya koma hannun Boys' Brigade, da ƙungiyoyin mawaƙa, da Zumuntar Mata, wadda ta ba matan karkara dandalin zaɓen shugaba da ma'aji tun kafin siyasa ta tuna da su. A ɓangaren Musulmi, 'yan agaji da ƙungiyar ɗalibai Musulmi sun yi irin wannan aiki. Ko masarautar Bajju da aka kafa a 1995, zamanin Kanar Lawal Jafaru Isa, wadda Nuhu Bature ya riƙe a matsayin Agwam Bajju a Zonkwa har rasuwarsa a 2021, ta biyo bayan fafutukar shekaru ta 'yan boko da suka goge a irin waɗannan ƙungiyoyi.

Sai dai akwai suka mai ƙarfi da ba za a kauce mata ba: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 tsakanin ɗaliban Kwalejin Ilimi ya faro. An zubar da jini a Zangon Kataf a 1992, aka sake yi a Zonkwa bayan zaɓen Afrilu 2011, kuma matasa ne a sahun gaba. Saboda haka tsara tana iya fitar da mai haɗa kan jama'a, tana kuma iya fitar da jagoran ɗaukar makami. Abin da ke bambanta su shi ne su wane ne a cikin ƙungiyar, kuma wane aiki aka ɗora mata.

Ga babbar asarar. Kowane rikici ya ƙara raba unguwanni da makarantu, har yaro yana iya girma ba shi da aboki ko ɗaya daga ɗaya addinin. Irin wannan tsara tana horar da mai kare ɓangarensa, amma ba ta horar da wanda zai shugabanci ƙaramar hukumar da Bajju, da Atyap, da Ikulu, da Kamantan, da Hausawa, da Fulani suke zaune a cikinta. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, wadda al'ummu 29 suka sa wa hannu a Maris 2016, abin yabo ce, amma waɗanda za su riƙe ta nan gaba ba su san juna ba.

Don haka kira nake ga fadar Agwam Bajju, da ƙaramar hukumar Zangon Kataf, da shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN da na Jama'atu Nasril Islam, su tallafa wa ƙungiyoyin matasa masu haɗa addinai biyu, na manoman citta, da na ƙwallo, da na 'yan kasuwa. A ba su aiki na gaske da asusu, su zaɓi shugabanninsu da kansu, su kuma riƙa karanta lissafi a gaban sa'o'insu.