Yadda ake buga alamomin lissafi a Word

Daga Agye da Cadawa zuwa Gazawa, Tibiri da Gidan Rumji, yawancin takardun jarabawar gwaji ta BEPC da BAC a Word ake buga su. Kuskuren alama ɗaya yana iya canza tambaya ɗungurungum: 5² ashirin da biyar ne, amma in ƙaramin 2 ɗin ya sauko ƙasa, ɗalibi zai karanta 52. Shi ya sa muka tattaro ma malamai da masu shagon buga takardu waɗannan hanyoyi uku.

Ta farko: a danne Alt, a buga lamba a maɓallan lambobi na gefen dama, sannan a saki. 0215 na ba da ×, 0247 ÷, 0177 ±, 0176 °, 0179 kuma ³. Sai Verr Num na kunne take aiki. Shi ² yana da nasa maɓalli a allon AZERTY, ƙarƙashin Échap.

Ta biyu ta fi dacewa da ƙaramar kwamfutar da ba ta da lambobin gefe. A rubuta lambar alamar, sai a danna Alt da X tare: 221A ta koma √, 03C0 π, 2264 ≤, 2265 ≥, 2260 ≠. In bai yi ba, a gwada Alt da C, don wasu Word na Faransanci haka suke. A bar tazara kafin lambar, kada ta haɗe da ta gabanta. Haka ma ake samun haruffanmu: 0199 ƙ, 0257 ɗ, 0253 ɓ, 01B4 ƴ.

Ta uku ta cikakken lissafi ce. Alt da = na buɗe akwatinsa. A ciki, a rubuta 3/4 ko x^2, a danna maɓallin tazara, Word ya jera su kamar a littafi. A AZERTY, alamar ^ tana AltGr da 9.

Ƴan uwa na waje masu aiko da kwamfuta, ku riƙa faɗa ma na gida irin allonta. Ta Faransa AZERTY ce, ta Najeriya ko Gana galibi QWERTY. Lambobin ba su canzawa, wurin maɓallan ne ya bambanta.

Kafin a gurza kofi ɗari, a fitar da guda, malamin lissafi ya duba ta da idonsa.