Bindigar Toka da Naman Elk: Yadda Ƙwallon Darma ya Ƙara Girma

Adakar mahalbanmu da ake ɗura ma albarushi ta baki tana da ƴan uwa a Amurka, kuma tarihin faɗin bakinsu ya bi girman naman dawa ne.

A ƙarni na 18, maƙeran Pensilbaniya suna yin doguwar bindiga wadda bakinta bai cika wuce milimita 10 zuwa 12 ba. Dalili? Darma da albarushi tsada gare su, dajin gabas kuma barewa ce da kurege. Ƙwallon darma na garam 8 ya isa.

Da aka nausa yamma sai lissafi ya canza. Can akwai elk, wani dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa, wanda namijinsa kan kai kilo 300 ko fiye. Ku ɗauka ya ɗara gwanki. Ayarin Lewis da Clark, da suka yi hunturun 1805 zuwa 1806 a Fort Clatsop kusa da tekun Fasifik, kusan da namansa suka rayu, fatarsa kuma ta zama takalma. Dabba irin wannan, in ka halbe ta da ƙaramin ƙwallo, sai ta tafi da raunin ta mutu inda ba ka ganinta. Shi ya sa Jacob da Samuel Hawken, wa da ƙane maƙera a Sen Luwi, suka yi suna da gajeruwar bindiga mai kaurin hanci, mai baki .50 zuwa .54 na inci, wato milimita 12,7 zuwa 13,7. Bambancin milimita ɗaya ne tak, amma ƙwallon .50 garam 11 da rabi ne, na .54 kusan 15.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rigimar siffa. Ƙwallo kewayayye saurin gajiya gare shi a iska. Bayan mita ɗari ƙarfinsa ya zube sosai. A 1849 wani kaftin na Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da dogon harsashi mai rami a gindi, wanda ke buɗewa ya kama zanen cikin hancin bindiga in albarushi ya tashi. Don yaƙi aka yi shi, ba don farauta ba. Amma dabarar ta zauna: dogon harsashi ya fi nauyi ko da bakin bindiga bai ƙaru ba, sai dai yana son zane mai saurin murɗawa, in ba haka ba ya dinga tangaɗi.

Harsashi mai kwanso ya zo ya ture bindigar toka, elk ma ya kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20. Fim ɗin Jeremiah Johnson na 1972 ya taimaka wajen maido da sha'awarta, a 1985 kuma Tony Knight ya ƙera MK-85 ta zamani.

Yau hukuma ke raba gardama. A jihar Kolorado, mai halbin elk a lokacin bindigar toka sai da .50 in dogon harsashi ne, .54 in ƙwallo ne, kuma ba a yarda da harsashi mai rigar roba ba. Ni dai da za a ba ni zaɓi, .54 da ƙwallo zan ɗauka, don yana tilasta mahalbi ya lallaɓa ya matso kusa kafin ya ja kunama.