TARIHIN MOTA A ƘASARMU DA MAGANAR SAYEN MOTAR FARKO

Ya ku iyayenmu dattawa da ke gida, da ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Yamai da Kano da Legas da Agadas da sauran wurare, dalilin wannan rubutu shi ne gardamar da ta tashi a taronmu na bayan sallar layya, wadda har aka watse ba a kashe ta ba. Kun san shekara da shekaru mu ke tara gudummawa domin ƙungiya ta sami motarta ta farko, wadda za ta riƙa kai marasa lafiya da mata masu naƙuda asibitin Agye ko na Maraɗi. To, kuɗin bai kai na mota mai ƙwari ba tukuna. Wasu suka ce ga wata tsohuwar Peugeot 504 mai dogon baya a na sayarwa da araha, a saye ta, a canja mata inji, a ƙara mata sifirin, a yi aiki da ita. Wasu suka ce a'a, a jira. Samarinmu da ke komowa daga ci-rani da ɗan abin hannunsu, su ma tambayar da ke gabansu ke nan. Muka ga ya kamata mu waiwaya baya, mu ga yadda mota ta shigo ƙasar nan da abin da gyaranta ya jawo wa waɗanda suka riga mu.

Kakanninmu ba su san wani abin hawa ba sai jaki da raƙumi da takarkari, doki kuwa sai sarakai da masu hali. Daga Cadawa zuwa Maraɗi tafiyar yini ce. Cikin motocin farko da suka ratsa ƙasar nan akwai na kamfanin Citroën guda 8, waɗanda suka taso daga kudancin Aljeriya a watan Oktoba na 1924, suka bi ta Yamai, suka sauka Tasawa wurin Sarki Barmu, sa'an nan suka wuce Damagaram da tafkin Cadi. Abin lura a nan shi ne, motocin nan ba su da tayoyin baya, sarƙar roba aka ɗaura musu domin kada su nutse cikin rairayi. Watau tun ran farko Nasara da kansa bai yarda ya kawo motarsa nan yadda ta ke a Faransa ba, sai da ya gyara ta. Hanyar da motoci suka riƙa bi daga baya kuwa, da hannun talakawa aka share ta, cikin aikin tilas wanda ba a hana shi ba sai a 1946. Tsofaffinmu ba su cika son tuna wannan ba.

Amma abin da ya kawo mota ta zauna, gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya bunƙasa can, daga shekarun 1930 kuma ya hau zuwa ƙasashen Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli a kasuwanni. Da fari raƙuma da jakuna ke kai buhuna kudu, daga baya manyan motoci suka karɓe aikin. Cikin shekarun 1950 Faransawa suka shirya wani tsari da suka sa wa sunan tsattsewa da harshensu, watau Hirondelle, domin motar da ta hau da kayan kanti daga Paraku ta koma da gyaɗa, a sa ta jirgin ƙasa zuwa Kwatano, kada ta yi tafiya ɗaya wofi. Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 domin cinikin gyaɗa, aka kafa SNTN a 1963 domin sufuri. A wannan zamani ne alhazan Maraɗi da yawa suka sayi motocinsu na farko, kuma ba domin yawo suka saya ba. Kowane ya san buhun da zai ɗauka tun kafin ya biya kuɗin motar.

Manyan motocin nan kuwa, sau da yawa kai da shasi kaɗai a ke sayowa. Kafintoci ne ke yi musu bodin katako, maƙera su ɗaure shi da ƙarfe, mai fenti ya zo ya zana dawisu ko zaki, ya rubuta addu'a a goshi. Saboda haka duk wanda ya ce gyaran mota baƙon abu ne a wurinmu, bai san tarihi ba. Da shi aka fara.

Sai fari ya zo a 1973 da 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, noman gyaɗa ya faɗi ƙasa warwas, manoma suka koma gero da wake da aya. Waɗanda suka yi tafiya a kan hanyar nan a lokacin suna tune da motocin da aka ɗora bisa duwatsu a bayan gidaje, kaji na ƙwai a cikinsu. Injin da yawansu lafiya lau ya ke. Kayan ɗauka ne babu, kuma mota ba ta cin ciyawa kamar raƙumi balle a kora ta daji ta jira shekara mai kyau. Waɗanda suka tsira su ne masu wayon da suka juya ga jigilar dabbobi da wake zuwa Nijeriya, da jigilar kayan da ke bi ta ƙasarmu daga Kwatano.

Akwai wani gyara da matasa ba su sani ba. Har ran 2 ga Afrilu 1972, a Nijeriya hannun hagu a ke bi kamar Ingila, mu kuwa hannun dama kamar Faransa. Direban da ya fito Katsina, in ya wuce Jibiya ya nufi Ɗan Isa, sai ya sake hannu. Wanda ya sayo mota a Kano, sitiyarinta na dama, in zai wuce wata mota a hanyarmu ba ya ganin abin da ke tafe, sai karen mota ya leƙa ya ce masa shiga ko dakata. Ran da yaron ya yi gyangyaɗi, sai dai Allah ya kiyaye. Bayan 1972 makanikai suka shiga mayar da sitiyari hagu, har ila yau kuma a na yi wa motocin da suka fito Ingila ko Japan haka. Wanda ya iya ya kan yi shi da kyau, wanda bai iya ba ya kan yanka ƙarfen sitiyari ya haɗa da walda, ran mutane ya rataya a kan wannan ɗinki.

Yanzu mu zo kan Peugeot, wadda mu ke kira Fijo, tun da a kanta a ke gardama. An fara ƙera 404 a 1960, shekarar da muka sami mulkin kai, 504 kuma a 1968. A 1975 masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa su, a cikin shekarun nan kuma aka shimfiɗa kwalta a babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa. Abubuwan nan biyu da suka haɗu su ne suka sauko da mota daga hannun manyan alhazai zuwa hannun matsakaicin ɗan kasuwa da malamin makaranta. Kuma akwai wata ƙofa ta arewa: samarin Turawa su kan sayi tsohuwar Fijo a ƙasarsu, su ƙetaro hamada ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko su gangaro da ita kudu, su koma gida da jirgin sama. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da rikici ya tashi a Aljeriya da arewacin ƙasarmu.

Me ya sa Fijo ta yi ƙarko haka? Cikinta a ɗage ya ke, ba ta jin tsoron rami. Injinta a fili ya ke, kafireto da filogi da lagireto duk ido na ganinsu hannu na kai musu, yaron da ya yi shekara biyu a garaji ya iya kwance su a gindin bishiya. Babban dalili kuwa shi ne kayan gyara. Muddin Kaduna na ƙerawa, duk abin da ya lalace a kan same shi sabo a Maraɗi ko Katsina, in ya gagara a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Wannan shi ne gaskiyar masu cewa da tsohuwar zuma a ke magani, kuma ba mu raina maganarsu ba, gama da yawanmu a bayan a-kori-kura 404 mai tamfal muka fara zuwa birni.

To, amma mu faɗi sauran. A-kori-kurar nan an yi ta ne domin kayan da ba su wuce tan guda ba. Mu kuwa muka ƙara mata ganyen sifirin, muka kafa benci biyu, muka yi mata ragar ƙarfe a bisa, muka ɗora buhuna da awaki, mutane kuma suka hau bisa buhunan. Sifirin ya hana ta durƙusawa, sai mai ita ya ga kamar ta ƙara ƙarfi. Alhali kuwa birkin nan shi ne dai na da, wanda aka auna da nauyin da. In nauyi ya ninka, tazarar tsayawa ta kan ƙaru, birki ya yi zafi ya daina kamawa. Kayan da aka tula a sama su kan sa ta rinjaya a kwana, ko in taya ta fashe. Sifirin da ya yi tauri kuma ba ya shanye dukan hanya, sai ya miƙa shi ga shasi, shasi ya tsage, a yi walda, ya sake tsagewa kusa da waldar. Mu da ke zaune a mararrabar hanyar Mayahi mun ga abin da ke faruwa ranar kasuwa, kuma akwai gidaje a garin nan da ba sai an ba su labari ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Sa'an nan akwai abin da ba ya hannun makaniki, watau kuɗi da iyaka. A 1984 Nijeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai 1986, ƙaramin ƙarfe ya zama sai an bi ta daji. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Daga nan tsofaffin motocin Turai da a ke saukewa a Kwatano suka cika ƙasa, Toyota ta ture Fijo a tasha, Hiace ta zama motar haya. Kaduna ta daina ƙera 504 cikin shekarun 2000. A 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, a 2019 ta sake rufe iyaka, a 2023 kuma ta janye tallafin mai, a shekarar nan ne kuma aka rufe iyakarmu da Benin bayan juyin mulki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa aljihun mai mota a Cadawa, ko da bai taɓa taka Kwatano ba.

Ga ra'ayinmu, mu da aka ɗora wa wannan rubutu, kuma wanda ya ga kuskure ya gyara mana. Fijon da a ke tallata mana ba ita ce Fijon da muka sani a ƙuruciya ba, domin abin da ya riƙe waccan, watau sabon kayan gyara a kusa, ya ƙare. Abin da ya rage sai na kwance daga wata matacciya, ko na kwaikwayo. In aka sa mata injin wata mota, sai an sassaƙa mazauninsa, an haɗa shi da giyar da ba tasa ba, an sake lagireto, kuma ran da ta tsaya babu makanikin da zai san ta sai wanda ya yi aikin. Takardar mota ma sai an gyara ta ta dace da sabon injin, in ba haka ba a sha magana da jandarmomi da masu inshora ran da wani abu ya faru. Ɗan kasuwa in motarsa ta mutu a hanya, asararsa ta yini ce. Tamu kuwa mace mai naƙuda za ta ɗauka da tsakar dare. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ba kuma muna cewa a ruga a sayi ta zamani mai kwamfuta a cikin inji ba, wadda in ta yi tari sai an kai ta birni an sa mata na'ura. Abin da mu ke gani shi ne a nemi irin motar da ta fi yawa a tashar Maraɗi a yau, wadda kayanta ke kowane shago, a same ta da injinta na asali da sitiyarinta inda kamfani ya sa shi. A tafi da makanikinmu, ba na mai sayarwa ba, ya shiga ƙarƙashinta ya duba shasi ko an taɓa yi masa walda, a tashe ta da safe tun injin na da sanyi a ga irin hayaƙin da za ta yi. Gyaran da za mu yarda da shi shi ne wanda ke rage mata nauyi: a cire kujerun baya, a kafa gado, a sa fitila da fanka. Ƙarin sifirin da raga a bisa, a rubuta a littafin ƙungiya cewa an hana, domin mun san halinmu, ran da aka yi ragar ran nan wani zai ce a taimaka a kai masa buhu biyu. Kada kuma a zuba kuɗin duka a kan saye. A bar wani kashi domin taya da batir da inshora da takardu, a kuma san tun yanzu wane ne direba mai lasin, wa zai biya shi, wa zai zuba mai in mara lafiya ba shi da ko dala.

Samari masu son sayen ta kansu, tambayar da alhazan zamanin gyaɗa suka yi wa kansu ita za ku yi: me za ta ɗauka in za ta tafi, me za ta ɗauko in za ta komo, kuma wata nawa a shekara? In amsar ba ta fito ba, babur ko amalanke da shanu biyu ba abin kunya ba ne.

In aka bi wannan shawara, sai an ƙara gudummawar kaka ɗaya ko biyu kafin kuɗin ya cika, kuma mun san jiran nan ba kyauta ba ne, gama kafin nan za a ci gaba da neman motar haya da dare. Saboda haka muna roƙon kowane reshe ya zauna ya tattauna, ya aiko da amsarsa a rubuce ta hannun magatakarda kafin taron bayan girbi. Dattawan da suka yi tuƙi ko karen mota a zamanin gyaɗa kuma, muna roƙonsu su halarta da kansu, za a aika a ɗauko wanda tafiya ke yi wa wuya.