Yadda Waya Ta Maye Gurbin Ƙuna A Tiyatar Ƙwaƙwalwa

Tun a ƙarni na farko miladiyya, wani likitan daular Rum mai suna Scribonius Largus yake ɗora wa masu ciwon kai wani kifin teku mai fizgar mutum kamar minjirya. Ashe taɓa jijiya da lantarki tsohon abu ne. Abin da ya sauya aikin likita shi ne samun hanyar kwantar da jijiya ba tare da an kashe ta ba. A shekarun 1950, idan karkarwar cutar Parkinson ta kai mutum ga tiyata, ƙona masa wani ɗan gurbi can cikin ƙwaƙwalwa ake yi. Karkarwar takan tsaya, amma abin da aka ƙona ba ya dawowa, kuma in an taɓa ɓangarorin biyu, magana takan sarƙe.

A 1987, a birnin Grenoble na Faransa, Alim-Louis Benabid yana gwada wurin da zai ƙona da lantarki, sai ya lura cewa idan bugun ya kai wajen sau 100 a daƙiƙa, hannun majinyaci yana daina rawa, da an tsayar kuma rawar ta dawo. Daga nan aka fara barin wayar lantarkin a cikin ƙwaƙwalwa maimakon a ƙona wurin. Ana kafe kan majinyaci, a auna wurin da hoton ƙwaƙwalwa, a huda ɗan rami a ƙoƙon kai, a zura siririyar waya. Sau da yawa idonsa biyu, likita na cewa ya ɗaga hannu, ya yi magana, don a tabbatar an dace da wurin. Sai a bi da wayar ƙarƙashin fata ta bayan kunne da wuya, zuwa ga batirin da aka dasa a ƙirji. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da aikin don karkarwa a 1997.

Masu suka na cewa na'urar ba ta warkar da cutar, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ga tsada, ga sauya batir. Duk gaskiya ne, kuma tsadar ce ta fi ci mini rai, domin ta hana mafi yawan masu bukata. Sai dai ƙunar ma ba ta warkarwa, ita ma huda kai ake yi. Idan wutar na'ura ta yi yawa har harshe ya yi nauyi, likita zai rage ta a ɗakin duba marasa lafiya, ko ya kashe ta gaba ɗaya. Wanda aka ƙona wa gurbin da bai dace ba, babu likitan da zai mayar masa da shi.